Ƙullin Hajja Fatu

Firizar tawa ce. Ina so a fara sanin wannan, domin a gidanmu na unguwar Nuzla, nan Jidda, akwai waɗanda suka manta. Marigayi mijina ne ya sayo ta, ta ƙi hawa bene, muka bar ta a ƙarƙashin matakala, kuma tun daga ranar ta zama ta jama'a ba tare da an tambaye ni ba. Ni Safia ni ke goge ta, ni ke kiran mai gyara idan ta fara gurnani, amma da zafi in ka buɗe ta ba za ka sami inda zan sa ƙafar kaza ɗaya ba. Ƙanƙarar tsofaffi biyu ce ta cika ta har baki.

Ta farko Hajja Fatu, mai ɗakin sama. Daga Damagaram ta zo da mijinta Isha'aku tun tana amarya, shi ya rasu a nan, ita ta zauna. Ta biyu Hajja Zakiya, mai ɗakin ƙasa, haifaffiyar Jidda, wadda kakanta ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Sana'arsu ɗaya. Idan zafi ya shigo, irin na Jidda da mutum zai yi wanka ya fito yana neman wani wankan, kowacce sai ta dafa zoɓo da tsamiya, ta ɗura a ƙananan ledoji, ta ƙulle, ta jera a firizata. Bayan la'asar yaran unguwa su taru, kowa ya ciji gefen leda yana tsotsa, haɓa duk ja.

Tsofaffin nan biyu ba sa magana da juna.

Abin ya faro ne a walimar auren Badr, ɗan Hajja Fatu tilo. Zakiya ta kawo zoɓonta da take ɗiga wa ruwan wardi irin na mutanen garin nan. Fatu ta kurɓa a gaban baƙi, ta ce, "Wannan sha ake yi ko shafawa?" Zakiya ta ce gara nata, na wasu citta da kanumfari sun yi masa yawa har ya koma maganin basir. Shi ke nan. Yanzu 'yar Badr ta fari ta kusa gama firamare, ba su sake haɗa zance ba. Limamin masallacinmu ya aiko musu cewa gaba tsakanin Musulmi ba ta halatta, amma sallama tana warware ta. Suka karɓi fatawar daidai tsawonta. Duk inda suka haɗu ɗaya ta ce salamu alaikum, ɗaya ta ce wa alaikumus salam, kowacce tana kallon bango. Sauran abin da ya rage na duniya kuwa ta bakina yake bi. "Safia, ki gaya mata ta matsar da kwanonta." Ina tsaye a tsakani, tazararsu ba ta kai tabarma ba, in juya in maimaita. Na gaji da wannan aiki ƙwarai, kuma ban taɓa ɓoye musu ba.

Da yake zoɓo in ya daskare duk ja ne, ba a gane na wannan da na waccan sai a ƙulli. Zakiya ƙulli ɗaya take yi ta yanke wutsiyar. Fatu kuwa takan murɗa wuyan ledar, ta ninka, ta zagayo, ta fito da ɗan maɗauki a gefen dama, wanda yara ke kira kunne. Yaron da bai fara makaranta ba ma ya san mai kunne mai yaji ne, maras kunne mai ƙamshi. Fatu tana ji da kunnen nan fiye da yadda take ji da Badr, kuma Badr ya sani.

Shi Badr a wani kamfanin kwali yake aiki can unguwar masana'antu, yana zaune a unguwar Aziziyya, hawa na huɗu, da matarsa Rim da yara. Yaron kirki ne, ba zan rage masa komai ba. Ya daɗe yana son ya ɗauke uwarsa daga Nuzla. Ya ware mata ɗaki, ya sa na'urar sanyi da gado mai ɗagowa da kansa in an danna, Rim ta rataya labule mai furanni. Fatu ta taɓa zuwa ta yi mako guda. Da ta dawo ta ce mini ƙofar gidan da kanta take rufewa, maƙwabta ko atishawa ba sa yi balle a yi musu addu'a, jikoki kuma tana yi musu Hausa suna mayar mata da Larabci cikin ladabi. "Safia, kabari ne," in ji ta, "sai dai akwai sanyi." Ta faɗa tana dariya, amma na ga tsoron ɗakin nan take ji da gaske.

Bara ta zame a matakala ta gurɗe ƙafa, Badr ya tayar da zancen da ƙarfi. Ranar, a gabana, ta ɗaga hannunta na dama ta ce, "Wallahi ranar da hannun nan ya kasa ƙulla leda, ka zo da motarka, ba zan ce maka uffan ba. Kafin nan kar ka ƙara yi mini maganar." Badr ya ce tayyib, ya yarda. Tun daga lokacin, duk Juma'a in ya taso daga masallaci sai ya fara tsayawa ƙarƙashin matakala, ya buɗe firizata, ya ɗauki mai kunne ɗaya, ya juya ta a haske, sannan ya hau gaida uwarsa yana tsotsa.

Bana zafi ya shigo da wuri, hannun Hajja Fatu kuma ya fara rawa.

A gindin firiza na fara ganewa. Na buɗe wata safiya na tarar da jan ruwa ya kwanta ya daskare, ledoji sun manne da juna, wasu rabinsu iska. Duk masu kunne ne. Na ɗauko wuƙa na kankare ina mita, na zubar da waɗanda suka tsiyaye, na yi shiru. Washegari haka. Na hau wajenta da sunan aron matatar koko, na same ta zaune gaban babban kwano, leda a hannu, yatsunta suna neman wuyan ledar suna kasa kama shi. Tana jin motsina ta tura hannun ƙarƙashin gyale ta ce zoɓon ne bai huce ba. Na taɓa kwanon, sanyi ƙalau. Na karɓi matatar na sauko, tausayinta ya cika ni har na manta me na ce zan tace.

Na yi niyyar in taimaka, Allah ya sani. Na ɗauki leda a ɗakina na gwada kunnen nan har yatsuna suka yi zafi. Abin da nake samu bai yi kama da kunnen komai ba. Juma'ar farko sai na zaɓo 'yan ƙalilan da suka tsira na ɗora a sama, Badr ya ɗauki ɗaya ya wuce. Na san dabarar ba za ta kai mu ko'ina ba.

Sai kawai yoyon ya tsaya. Na buɗe firiza na ga gindinta fes, masu kunne a jere, kowane ƙulli tamau. Na ce ikon Allah, ko lokotoro ya canza mata magani, kamar yadda take kiran likita. Amma da na haɗu da ita a matakala hannun na nan yana abinsa.

Fatu takan sauko da kwanon ledojinta gab da azahar, ta jera su a tsaye, ta koma ta yi salla ta kwanta. Bayan azahar a Nuzla da zafi ko kyanwa ba ta tsallaka titi. Wata rana na fito ɗebo ruwan sanyi a daidai lokacin, na tarar da Hajja Zakiya zaune kan kujera 'yar tsuguno, firiza a buɗe, tire a cinyarta. Tana ɗauko ledar Fatu, ta warware sako-sakon ƙullin da haƙori, ta murɗa, ta ninka, ta zagayo, ta fito da kunne. Bakinta bai huta ba, tana ta ƙananan zage-zage da Larabci.

"Hajja, me ake yi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kayanta na ɗiga kan nawa. Jiya yaro ya ce nawa ma yaji yake. Ni ba zan yarda a ɓata mini suna ba."

"To ki ƙulla irin naki mana, ya fi sauri."

"A'uzu billahi. Don a ce ni na dafa maganin basir?" Ta ja wani kunne da ƙarfi. "Rufe tallajar nan rabi, ya Safia, sanyin firizar na fita. Kuma ba ki gan ni ba."

"Yaushe kika koyi ƙullin?"

"Wani abin koyo ne? Shekara da shekaru yana gabana yana ba ni haushi."

Na koma ɗaki ban ɗebo ruwan ba. Haka aka ci gaba. Fatu ta sauko da kwano ta hau, Zakiya ta fito da kujera. In sun yi karo a tsakani su yi sallamarsu su kalli bango. Juma'o'i suka wuce Badr yana ɗauka yana tsotsa, ni kuma hankalina ya kwanta har na fara sa kazata a wani lungu.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne Hajja Zakiya bahaguwa ce. Da hagu take yanka, da hagu take ƙulli, cin abinci ne kawai aka yi ta bugun hannunta tun tana yarinya har ta koma dama.

Wata Juma'a Badr ya zo cikin farar tob ɗinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya buɗe firiza, ya ɗauki leda. Wannan karon ya daɗe yana juya ta. Ya mayar ya ɗauki wata. Ya tona can ƙasa ya zaro wata tsohuwa ta farkon zafi, ya haɗa su biyu a tafin hannunsa. Ina bakin ƙofata ina tsince shinkafa, na ƙara sunkuyar da kai.

"Khala Safia," in ji shi, wato inna.

"Na'am."

"Tun yaushe Ummi ta zama bahaguwa?"

Na kalli ledojin. Tsohuwar kunnenta a dama, sabuwar a hagu. Na ce, "Tsufa ne, Badr. Yana zuwa da abubuwa."

"Sahih," in ji shi. Ya shafa kumatunsa na dama. "A duk amarar nan, gidan nan kaf, hannun hagu ɗaya na sani. Ina yaro na saci mai ƙamshi guda biyu, har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara."

Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Zakiya. Ta buɗe da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce ya shigo ba.

"Khala, kullum ne?"

"Kullum me?"

Ya ɗaga ledar. Ta kalle ta kamar ba ta taɓa ganin zoɓo ba. "Kayan uwarka na ɓata mini nawa. In kana da magana ka sayo mata tallajarta."

Badr ya sauke ledar. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, Hausar ma ta fara guje masa yana cikota da Larabci. Ya ce shi ba ledar ce ta dame shi ba. Yana wajen aiki injuna na ƙara, sai ya riƙa ganin uwarsa kwance a ƙasa ita kaɗai, ƙofa a kulle, babu wanda ya sani. "In wata rana ba ta sauko da kwanon ba fa, ya khala?"

"Ran Talata ba ta sauko ba," in ji Zakiya. "Na hau."

"Kika hau?"

"Da gwiwoyin nan. Na buga ƙofa na yi sallama. Ta amsa. Na sauko." Ta ja carbinta ƙwaya biyu. "Liman ya ce sallama wajibi ce. Duk ranar da ban ji takunta ba ina hawa in sauke wajibi. In ba ta amsa ba wata rana, kai ne farkon wanda zai ji. Halas? Shi ke nan?"

Ni da nake gidan ban san da wannan ba, kuma na ji haushi da aka yi abu ba ta bakina ba. Badr ya sunkuya ya sumbaci kanta, ta ture shi ta ce ya ɓata mata ɗaurin gyale. Sai ya ce in raka shi sama.

Muka sami Fatu zaune kan darduma, hannunta cikin gyale. Badr ya durƙusa ya gaishe ta, ya ciji gefen ledar, ya ce da fara'a, "Masha Allah, Ummi, ƙulli na nan daram."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ubanka ma bai iya ƙarya ba. Kunnen a hagu yake."

Badr ya cire ledar daga bakinsa, ita ta ci gaba.

"Kuna zaton ban san ƙullina ba? Tun ranar farko na gani. Na yi shiru, na ce bari in ɗan ƙara kwana a ɗakin Isha'aku." Ta zaro hannun ta ɗora a gwiwa, yana ta rawa a gabanmu. "Bon. Yanzu ka gani da idonka. Na rantse, sauko mini da akwati."

"Ummi, na fasa. Ki zauna. Rantsuwa ai kaffara ce, ni zan ciyar da miskinai."

"Ba da cikin miskinai na rantse ba, da bakina ne. Akwatin na kan kwaba."

Ya roƙa da Hausa, ya roƙa da Larabci. Ni ma na sa baki, ta ce in tsaya a aikina na kai saƙo. Ka ga mutumin da ya shekara yana jiran ranar nan, ga shi yana ninke zannuwan uwarsa idanunsa sun yi ja. Ita ko hawaye ɗaya ba ta yi ba. Ta sa aka saka hoton Isha'aku da tasbaharta. Mazurari da ludayi da damin sababbin ledoji ta ce a bar su, a Aziziyya ba a ɗura komai. Wannan maganar ce ta fi karya mini zuciya.

Muka sauko, Badr a gaba da akwati, ita tana bin bango, ni a baya. A gindin matakala Zakiya na zaune kan kujerarta, daidai tsakiyar hanya, ga tire a cinya. Ba lokacinta ba ne. Babu yadda za a wuce sai ta matsa.

Fatu ta tsaya a mataki na ƙarshe ta kalli bango. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Zakiya. Amma ba bango take kallo ba. "Ina za ki, Fatu?"

Na juya don in maimaita, saboda sabo, sai na ga ba ni aka ba saƙon ba.

Fatu ta ce, "Safia, ki gaya mata ta ba ni hanya."

"Ba Safia za ta gaya mini ba, kunnena biyu. Na jiƙa tsamiya kwano guda da citta, yara sun ce mai yaji suke so, ni kuma ban san awon gubar nan ba. Wa zai haɗa?"

"Safia, ki gaya mata na rantse."

"Na ji. Duk amara ta ji. Ɗanki ya ce zai ciyar, ki bar yaro ya sami lada, tun yana ƙarami bai yi wani abin kirki ba sai sata." Ta gyara tiren a cinyarta. "In kin tafi wa zan yi wa sallama? Safia?"

Ban ji daɗin yadda ta faɗi sunana ba, amma na bar shi.

Fatu ta riƙe ƙarfen matakala. Badr ya ajiye akwatin a hankali don kar ya yi ƙara. Can ta sauke idonta daga bango zuwa tiren, inda wata leda ke tsaye da sabon kunne.

"Safia," in ji ta, "ki gaya mata..." Sai ta tsaya. Ta yi tsaki. "Zakiya, kunnen a dama yake. Ke komai naki a karkace."

"To zauna ki nuna mini."

Na shiga da gudu na ɗauko kujerata, ban taɓa saurin ba da aron abu irin na ranar ba. Fatu ta zauna, gwiwarta na taɓa ta Zakiya. Zakiya ta ɗauki leda ta murɗa wuyan. Fatu ta ɗora hannunta mai rawa kan na hagun nan, tana ja tana cewa ta nan, ba ta can ba, ta nan. Zoɓo ya fantsama a farar tob ɗin Badr, babu wadda ta ba shi haƙuri. Ya kalli rigar, ya ɗauki akwatin ya koma da shi sama, na ji shi yana jan hanci a matakala.

Yanzu Fatu ke dafawa, Zakiya ke ƙullawa, a ƙarƙashin matakala, gaban firizata. Daga hantsi har azahar suna faɗa baki da baki, babu mai neman Safia. Ɗakin Aziziyya an mayar wa yara. Kunnen kuwa har yau a hagu yake fitowa, kuma kowace safiya sai Hajja Fatu ta sauko ta gyara mata.